Laburaren Da Ke Cikin Wayar Malam

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tsaya a gindin gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da sassafe zai ga ayarin 'yan makaranta, waɗansu na fitowa daga cikin Birni, waɗansu na shiga, kowa da jakarsa a rataye. In an buɗe jakar, galibi littattafan rubutu ne da biro. Littafin karatu kuwa, watau wanda yaro zai bi labari a cikinsa daga farko har ƙarshe, shi ne ya yi ƙaranci, domin tsadarsa ta fi ƙarfin iyaye da yawa.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Ta wannan ƙofa ake fita zuwa Nassarawa, inda Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Rashin abin karantawa da Hausar boko ne kuma ya sa aka shirya gasar rubuta littattafai a Zariya cikin 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam. Ciwon dai yana nan, maganin ne ya sake kama. Yanzu ana tara littattafai a intanet, malami ya ɗauko su da wayar hannu.

A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, bayan darasin da aka koya daga rufe makarantu saboda annobar korona a 2020. Darussansa sun bi manhajar ƙasa, akwai na Turanci, akwai na Hausa da Yarbanci da Ibo. Amma ga mai koyar da karatu a firamare, wanda ya fi dacewa a ganina shi ne African Storybook, wanda wata cibiya mai suna Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014. Labarai ne gajeru masu hotuna, an kasa su mataki biyar, daga mai 'yan kalmomi a shafi har zuwa mai dogon zance, kuma akwai na Hausa a ciki. Ba a biyan ko kwabo, sa'an nan an yarda kowa ya sauke labari, ya buga shi a takarda, ya fassara shi, ko ma ya gyara shi ya dace da garinsu.

To, yaya waya ɗaya za ta ishi aji mai cike da yara, wanda wutar lantarki ba ta zama a cikinsa? A nan ne aikin ya koma hannun malami. Tun da dare zai sauke labarin, don kada ya dogara da intanet a cikin aji. Da safe ya rubuta sababbin kalmomi a allo, ya zaga da wayar layi layi yara su ga hoton farko, ya tambaye su abin da suke tsammani zai faru. Sa'an nan ya karanta da ƙarfi, ya tsaya a tsakiya ya sake tambaya. Daga nan sai ya kwafe jimlolin a allo, yara su karanta ɗaya bayan ɗaya yana nuna kalma da sanda, ba a jere ba, domin a bambance mai karatu da mai hadda. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali kuwa shi ne karatun. Yaron da ya kalli hoto ya ji labari ya ji daɗi, amma bai karanta kome ba tukuna.

Akwai kuma abin lura game da Hausar kanta. Yawancin labaran masu sa kai ne suka fassara su, saboda haka wajibi ne malami ya duba kafin ya kai wa yara. In aka rubuta ƙasa babu lanƙwasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki. Babba zai gane daga zancen, amma ɗan aji biyu da ke koyon sautin haruffa zai ruɗe. Sa'ar da aka yi ita ce malami na da ikon gyara kuskuren a nasa kwafin.

Ba wasa ba ne abin da ake magana a kai. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba su iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi ba. A Jihar Kano kuwa an ayyana ilmi kyauta kuma dole a 2019, aka kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024. Shigar da yaro aji daban, koya masa karatu daban.

Abin da ya rage ga hukumomin ilmi da ƙungiyoyin iyaye da malamai shi ne kuɗin data da na buga takarda, waɗanda bai kamata a bar wa malami ya cire daga albashinsa ba. Labari ɗaya 'yan shafuka ne. In aka buga kwafi ashirin aka ɗinke su, yara uku uku za su iya zama a kan kowane ɗaya, ran Juma'a kuma a ba su aro su tafi da shi gida.