Damuwa, Sabo da Finafinan Batsa: Me Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwar Namiji?

A shekarar 2009, masana biyu a wata jami'a da ke birnin Bochum na ƙasar Jamus, Lars Schwabe da Oliver Wolf, suka yi wani gwaji mai kama da wasan yara. An fara sa rabin mahalarta su tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara har zuwa minti uku, ga kyamara na ɗaukarsu, ga wani ya tsura musu ido. Daga nan aka koya wa kowa danna alama a kwamfuta don samun madarar cakulan ko ruwan lemo. Sai aka ciyar da kowane mutum lemo ko abincin cakulan har ya ginshe shi. Waɗanda ba a takura musu ba suka rage neman abin da ya ginshe su. Waɗanda suka sha azabar ƙanƙara kuwa, yatsansu ya ci gaba da dannawa, alhali cikinsu ya ƙoshi.

Gwajin bai taɓa maganar batsa ba, amma ya fallasa halin magidancin da ƙarfe ɗaya na dare ke riska waya a hannu, bashi ya sha masa kai, barci ya ƙaurace, babban yatsa na ta jan allo. Idan damuwa ta yi tsanani, jiki na sakin sinadarin kotizol daga wasu ƙananan sassa da ke saman ƙoda. A irin wannan hali, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai auna abu da taka birki, ƙarfinsa kan ragu, sai ragama ta koma hannun sassan ciki masu kula da abin da aka saba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, ashe damuwa ce ke ƙara ɗaure igiyar.

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya daɗe yana nuna cewa kwaɗayin abu daban, jin daɗinsa daban, kuma sinadarin dofamin ya fi alaƙa da kwaɗayin. A 2014 Valerie Voon ta Jami'ar Kambirij ta ga hakan a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ta kwatanta maza 19 da suka kasa shawo kan sha'awarsu da wasu 19 marasa wannan matsala. Da aka nuna musu bidiyon batsa, cibiyoyin kwaɗayi na rukunin farko sun fi motsawa, marmarinsu ya fi yawa, amma ba su fi sauran jin daɗin abin da suka kalla ba.

A shekarar 2014 dai, Simone Kühn da Jürgen Gallinat suka auna maza 64 a Balin. Sun tarar da cewa masu yawan sa'o'in kallo a mako, wani sashe na cibiyar kwaɗayinsu ya fi ƙanƙanta, kuma hotunan tsiraici ba sa tayar da ita sosai. Nan ne masu yaɗa labari suka yi azarɓaɓi, aka yi ta shelar cewa batsa na cinye ƙwaƙwalwa. A ganina wannan zuƙi ta malle ce, ko da niyyar mai faɗa kyakkyawa ce. Masu binciken da kansu sun ce mai yiwuwa kallon ne ya jawo canjin, mai yiwuwa kuma masu irin wannan ƙwaƙwalwa tun asali su ne suka fi neman kallon. Awo ɗaya ba ya raba wannan gardama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi taka-tsantsan. A kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta sa kasa sarrafa sha'awa cikin matsalolin kame kai, ba ta haɗa shi da shaye-shaye ko caca ba. Ta kuma ce jin kunya ko nadama kaɗai, saboda abin ya saɓa wa tarbiyyar mutum, bai isa a kira shi mara lafiya ba. Sai an ga abin ya ɗauki tsawon lokaci, kamar wata shida ko fiye, ya yi ta ƙoƙarin bari ya kasa, aiki da iyali sun fara taɓuwa. Cikin alamomin da kundin ya lissafa har da wadda Schwabe da Wolf suka gani a kan madarar cakulan: mutum ya ci gaba da yi, bayan daɗin ya daɗe da tafiya.