Jirgin Fito a Fadamar Nguru

Mutumin Machina, wanda ya saba da rairayi da duwatsu, in ya gangaro Nguru da kaka ya nufi ƙauyukan fadama, sai ya tarar hanyar mota ta ƙare a bakin ruwa. Daga nan sai jirgin fito, watau kwalekwalen katako.

Ruwan nan na kogin Haɗeja ne, wanda ke malala cikin fadama kafin ya gamu da na Jama'are su zama kogin Yobe, mai ratsa Gashuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani a wasu wurare, ciyawar kacala ta toshe magudanai, gonaki da turbobi suka nutse.

Ran 3 ga Janairu, 2026, wani jirgi ya taso daga Adiyani ta Jihar Jigawa zuwa Garbi ta ƙasar Nguru, ɗauke da mutum 52. Da dare ya kife, aka tsamo gawa aƙalla 25.

A ƙasar Girka, jiragen da ke kai jama'a tsibirai doka ta ƙayyade yawan fasinjan kowannensu. A nan kuwa sau da yawa mai fito shi ne alƙalin kansa.

Ya kamata hukuma ta ƙayyade lodi, ta hana fito bayan magariba, ta kuma wajabta rigar ruwa. Rigakafi dai ya fi magani.