Kuɗin "na goro" da ba ya shiga lissafin mafi ƙarancin albashi

Ranar kasuwar Getso, a ƙaramar hukumar Gwarzo, yaron mai shayi kan hura wuta tun da asuba. Abin da maigidansa ke sallamarsa da shi idan an tashi bai taka kara ya karya ba. Canjin da fatake ke bar masa, da ɗan na goro da wani alhaji kan miƙa masa, su ne ke riƙe shi. Haka 'yan dako, haka masu wankin babura.

To idan jami'in ƙididdiga ya tambaye shi nawa yake samu a wata, wanne zai faɗa?

A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, daga baya Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da 71,000 ga ma'aikatan Kano. Sai dai dokar ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho. Kusan duk mai neman abinci a kasuwar Getso ke nan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya na ɓangaren da ba shi da rajista ne.

Ko a Amurka lissafin kan rikice. Mafi ƙarancin albashin tarayya dala 7.25 ne a awa, amma doka ta yarda a biya mai samun tukuici dala 2.13 muddin tukuicin ya cike gibin. Alƙaluman hukuma ba sa haɗawa da tukuicin, don haka ma'aikatan gidajen abinci da dama kan bayyana a ƙasa da ƙa'ida.

Can dai akwai takardar biya da za a duba. A Getso babu ita, kuma na goro da lokaci yake tafiya. Da kaka, bayan an sayar da hatsi, hannun mutane a sake yake. Tsakiyar damina kuwa, lokacin da kuɗi ya tafi taki da noma, kowa jiran canjinsa yake har naira hamsin. Wanda ya yi tambaya a Nuwamba zai rubuta yaron yana samu. Wanda ya zo a Yuli zai rubuta akasin haka.

Abin da ya fi ciwo shi ne iyayen gida da dama da wannan kyautar suke kafa hujja. Yaro na neman ƙari, sai a tuna masa canjin da yake sawa aljihu, kuɗin da babu wanda ya yi masa alƙawarin zai samu gobe.