Yoyon Lagireto A Fadamar Baturiya

Duk ma'aikacin da aiki ya taɓa kai shi ƙauyukan da ke gabas da Haɗeja ya san cewa da zarar an bar kwalta, lafiyar mota ce ke yanke ko za a kwana a gida ko a daji. Malaman gona, ma'aikatan lafiya da masu gadin gandun daji duk sun dogara ne ga motoci masu ƙarfi irin su Land Rover, Land Cruiser da Hilux. Amma abin da ya fi tsayar da waɗannan motoci sau da yawa ba yashi ba ne, ba kuma taɓo ba. Ruwan sanyaya inji ne da ke tsiyayewa ba tare da direba ya ankara ba.

Gandun Baturiya yana cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, kuma a shekarar 2008 aka shigar da shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin da ya haura hekta 100,000. Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar kogin Haɗeja ya sauya, ciyawar kacala kuma ta mamaye magudanan ruwa da dama. Wannan ya shafi mota kai tsaye, domin audugar kacala da taɓo su kan liƙe a raƙuman ƙarfen lagireto su hana iska wucewa. Idan aka haɗa da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sai ruwan inji ya tafasa, ƙarfinsa kuma ya nemi mafita ta wurin da ya fi rauni. Bugu da ƙari, gargadar hanya tana sassauta maɗaurin tiyo, shiga ruwa da gudu kuwa kan lanƙwasa fankar inji har ta yagi lagireto.

Alamar farko ita ce allurar zafi ta fara hawa. A nan ne direbobi da yawa ke yin ganganci, su ce bari su ƙarasa ƙauye na gaba. Tafiyar 'yan mintoci ba ruwa ta isa ta lanƙwasa kan inji. Abin da ya kamata shi ne a tsaya, a kashe mota, a jira aƙalla rabin sa'a. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Murfin nan ba marufi kawai ba ne, shi ne ke danne ruwan yadda ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120 maimakon 100. Wanda ya buɗe shi da gaggawa, tafasasshen ruwa ne zai wanke masa fuska da hannu, ga shi kuma asibiti da nisa.

Bayan inji ya huce, sai a cika ruwa, a rufe, a tayar da mota a zuba ido, domin yawancin yoyo ba ya nuna kansa sai ruwan ya ɗauki zafi. A fara da tiyo biyu manya, na sama da na ƙasa: a matsa su da hannu, wanda ya yi laushi, ya kumbura ko ya tsage kusa da maɗauri ya gama aiki. A duba jikin lagireto, musamman mahaɗar sama da ƙasa, inda busasshen yoyo kan bar tabo fari ko kore. A leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, wanda ke da wata 'yar kafa da ke ɗiga idan robarsa ta ci. Shi kansa murfin a duba robarsa, domin sau da yawa an sauke lagireto an kai wa mai gyara alhali laifin na murfi ne, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Gyaran daji gyara ne na a kai gida. Tiyon da ya tsage a baki ana iya yanke wurin a mayar da shi a ɗaure. Wanda ya fashe a tsakiya a naɗe shi da robar tsohon tib a ɗaure da waya, sannan a sassauta murfin kaɗan don kada ƙarfin ruwa ya sake fasa shi, a tafi a hankali ana ƙara ruwa. Tsohuwar dabarar zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono takan toshe ƙaramar kafa, amma takan toshe hanyoyin ruwan ma. Idan aka isa Haɗeja, dole a wanke lagireton, a liƙe shi da dalma ko a sauya shi.

Yoyon da ya fi tsada shi ne wanda ba a gani a ƙasa. Idan ruwa yana raguwa ba ɗigo, farin hayaƙi yana fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kamar an dama shi da madara, ko kumfa tana tasowa a bakin lagireto, to gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne. Sai dai a ja motar zuwa wurin bakanike.

Ruwan da ake zubawa ma abin dubawa ne. Ruwan kogi da na kududdufi suna ɗauke da laka, su kan kuma jawo tsatsa, saboda haka duk motar da za ta shiga fadama ya kamata ta ɗauki jarkar ruwa mai tsabta, da tiyo, maɗauri da fambel na ko-ta-kwana. Ruwan sanyaya inji na kanti, mai launin kore ko ja, shi ya fi hana tsatsa, sai dai guba ne mai zaƙi da dabbobi kan lasa. A wuri irin Baturiya, inda shanun makiyaya da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi ke shan ruwa ɗaya, wanda zai zubar da tsohon ruwan inji sai ya tare shi a mazubi ya fita da shi daga fadamar.