Kama da Wane ba Wane Ba: Siffa da Haɗuwar Sinadarai a Jikin Mai Rai

A fannin kimiyyar haɗa sinadarai, siffar abu ita ke yanke irin aikin da zai yi. Kowane sinadari gini ne na ƙananan ƙwayoyin zarra waɗanda aka jera bisa tsari, kuma a cikin jiki ba ya aiki sai ya sami gurbin da ya dace da siffarsa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan ƙa'ida: sinadarai masu kama da juna, da yadda sassan furotin ke haɗuwa.

Sinadarai masu kama su ne waɗanda gininsu ɗaya ne, sai dai an sauya ɓangare guda. Maganin salfa shi ne misali mafi sauƙi. A 1935 Gerhard Domagk na ƙasar Jamus ya bayyana cewa wani rini ja mai suna Prontosil yana warkar da cututtukan bakteriya, amma ba a gane dalili ba sai a 1940, lokacin da Donald Woods ya bi sawun al'amarin a Ingila. Bakteriya na bukatar wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PABA domin ta ƙera folik asid, wanda ba ta hayayyafa sai da shi. To, salfa da PABA kusan tagwaye ne: kowanne yana da zobe na ƙwayoyin kabon 6, bambancinsu a gefe guda kawai yake. Sai bakteriya ta ɗauki salfa a madadin PABA, ya toshe gurbin, aiki ya tsaya. Ɗan Adam kuwa daga abinci yake samun folik asid, don haka wannan yaudara ba ta shafe shi ba. Maganin Septrin da aka sani a asibitoci yana ɗauke da jinsin salfa.

Batu na biyu ya shafi furotin, watau dogayen sarƙoƙi na amino asid waɗanda ke naɗewa su zama curi. Da yawansu ba sa aiki su kaɗai, sai sassa biyu ko huɗu ko fiye sun haɗu. A 1965 Jacques Monod da Jeffries Wyman da Jean-Pierre Changeux suka rarrabe haɗuwar gida biyu. Ta farko ita ce haɗuwar daidaito, inda fuskar sashe ɗaya ke manne da irinta a ɗaya sashen, kamar mutum biyu masu musafaha, dama cikin dama. Idan aka juya su rabin zagaye, siffar ba ta sāke ba, kuma da yake kowane hannu ya riga ya kama, babu wurin na uku. Ta biyu ita ce haɗuwar da fuskoki mabambanta ke mannewa, kamar yara da suka yi layi kowa ya riƙe bayan rigar na gabansa. A nan kullum akwai hannu a sake a gaba, da riga a sake a baya, saboda haka layin na iya tsawaita ba iyaka, in dai bai zagayo ya rufe kansa ba.

Muhimmancin wannan rarrabewa ya fito fili a himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, wanda Max Perutz ya gano siffarsa a Kambirij, har ya sami kyautar Nobel a 1962. Sassansa huɗu ne: alfa biyu, kowane da amino asid 141, da bita biyu, kowane da 146. Alfa da bita suna zama ɗauri guda, sa'an nan ɗauri biyu su fuskanci juna bisa daidaito, ginin ya rufe. Shi ya sa himogulobin ke cunkushe a cikin jar ƙwayar jini ba tare da ya manne da maƙwabcinsa ba.

A ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, wannan tsari ne ke samun tangarɗa. Vernon Ingram ya nuna a 1957 cewa amino asid ɗaya tak ya sauya a sarƙar bita: a gurbi na 6, balin ya maye gulutamik asid. Shi balin ba ya shiri da ruwa. Idan oksijin ya ragu, sai ya cusa kansa cikin wani ɗan lungu a jikin himogulobin na kusa, wannan kuma ya kama na gabansa. Haɗuwar layi ta samu ke nan. Zaruruwa masu tauri su miƙe, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo mai tsanani ya taso. A Nijeriya kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da wannan gado daga ɗaya daga cikin iyayensa, dalilin da ya sa gwajin jini kafin aure ke da muhimmanci.

Batutuwan biyu sun haɗu a maganin ƙanjamau. Ƙwayar cutar tana da wani furotin mai aikin almakashi, wanda ke yanka doguwar sarƙa gunduwa-gunduwa kafin sabuwar ƙwaya ta nuna. Sassansa biyu ne iri ɗaya, kowane da amino asid 99, sun haɗu bisa daidaito, bakin almakashin na tsakiyarsu. Da masana suka san siffar, sai suka ƙera sinadari mai kama da sarƙar da ake yankawa, amma wanda ba ya yankuwa. Yana shiga sai ya maƙale. Na farkonsu, sakwinabir, ya sami amincewar hukuma a Amurka a 1995, kuma magungunan wannan jinsi na cikin waɗanda ake ba masu ɗauke da cutar har yau.