Ɗaukar Hoton Gine-gine, Makaɗa da Harkokin Yau da Kullum

Ya ku ɗalibai, yawancin hotunan da muke ɗauka na fuskokinmu ne da na abokanmu ranar bikin sallama. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai abubuwan da ke kewaye da mu waɗanda za su riga mu tafiya, kuma idan ba mu ɗauke su ba, 'ya'yanku ba za su san kamanninsu ba.

Ga misali. A watan Agusta na shekarar 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rushe ana cikin salla, mutane suka rasu. Babban Gwani Mikaila ne ya gina shi da laka a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 190 da suka wuce. Tun kafin wannan rashi, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya bi garuruwan Nijeriya yana auna tsofaffin gine-gine yana ɗaukar hotonsu. Da irin aikinsa aka gina kwatankwacin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Ya rasu a 1982, amma har yau masu nazari suna amfani da abin da ya bari.

To, yaya ake ɗaukar hoton gini? Abu na farko shi ne lokaci. Ginin laka kamar Gidan Makama a Kano, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ko majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa da aka gina a 1929, kyansa yana cikin zanen da magina suka fito da shi a jikin bango. Da tsakar rana haske yana saukowa daga bisa, sai zanen ya shafe. Da sassafe ko bayan la'asar kuwa, rana tana bugun bangon daga gefe, kowane zane ya yi 'yar inuwa, zankwaye su fito fili. Kwanakin da hazon hunturu ya yi kauri ba su da kyau, domin ƙura tana dusar da kome. Na biyu, kada mu matsa kusa mu ɗaga na'ura sama, gama ginin zai fito kamar zai fāɗi da baya. Mu ja da baya, mu riƙe ta daidai. Na uku, mu bar mutum ɗaya ya tsaya kusa da ƙofa, don mai kallo ya gane tsawon ginin.

Hoton makaɗa ya fi wuya, saboda gini yana tsaye yana jiranmu, amma hannun makaɗi ba ya jiran kowa. Yawancin wasa kuma da dare ake yi, haske ba shi da yawa. Idan na'urarmu tana da wurin saita saurin ɗauka, mu sa ta a kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa, in ba haka ba hannun zai fito kamar hayaƙi. Idan waya ce kawai muke da ita, akwai dabara. Mu saurari kiɗan tukuna har ya shiga jikinmu. Mai kalangu yakan ɗaga makaɗinsa, ya ɗan tsaya kaɗan kafin ya sauke. A wannan tsayawar za mu danna. Mu tsaya daga gefe inda fitila ke haska fuskar mawaƙi, kada mu walƙa masa haske a ido. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Muryoyinsu suna nan a kaset, amma yadda Ɗan Maraya ke riƙe kuntiginsa, sai a hoto. Haka nan tsofaffin da ke kaɗa tulu a zumuntar mata, su ma sun cancanci a ɗauke su.

Harkokin yau da kullum su ne muka fi rainawa, alhali su suka fi saurin canzawa: marina a Ƙofar Mata, mai tuya da safe, maƙeri da zugazuginsa. A nan ladabi ya fi gwaninta. Mu gai da mutum, mu faɗa masa nufinmu, mu nemi izini. In ya ƙi, mu gode mu wuce. In ya yarda, mu jira ya koma kan aikinsa ya manta da mu, sa'an nan mu ɗauka. Kada mu leƙa cikin gidajen mutane, kuma mu nisanci barikin soja da wuraren jami'an tsaro.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Waya tana ɓacewa, tana lalacewa. Saboda haka mu zaɓi hotuna masu kyau mu wanke su a takarda, mu rubuta a bayan kowane ɗaya wuri, da kwanan wata, da sunan wanda ke ciki. Hoton da ba shi da wannan bayani, bayan shekara 30 ba wanda zai san ko na ina ne.

Muna roƙon kowane ɗalibi, a wannan dogon hutu, ya ɗauko hoto uku daga garinsu: gini ɗaya, makaɗi ɗaya, mai sana'a ɗaya. Ku kawo su ɗakin karatu idan an dawo. Allah ya kai ku gida lafiya.