Yadda Manyan Jami'o'in Amurka Ke Sayen Abokan Karawa

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda galibi da hannu ake yin sa, kusan kowace jami'a tana da rukuninta, amma akan bar mata wasa uku ko huɗu a shekara ta zaɓi abokan karawa daga waje. Manya kan gayyato ƙanana, su biya su, don su ci nasara cikin sauƙi. Ƙananan ba sa ƙi, domin da kuɗin suke riƙe sashen wasanninsu.

Ran 1 ga Satumba, 2007, Jami'ar Mishigan ta gayyato Appalachian State a kan dala 400,000. Baƙin suka kayar da masu gida da maki 34 da 32, a gaban mutum fiye da dubu ɗari, suka kuma karɓi kuɗinsu suka tafi.